Diyyar Rauni Da Tayin Kamfanin Inshora: A Karɓa Ko A Dakata?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mas'alarmu ta wannan mako ita ce ta mutumin da mota ta buge ya samu rauni, yana kwance yana jiyya sai wakilin kamfanin inshora ya zo masa da tayin kuɗi da takarda, ya ce in ya sa hannu a biya shi nan take, magana ta ƙare. Shin ya halatta ya karɓa? In kuwa ya ga kuɗin sun yi kaɗan, shin neman ƙari kwaɗayi ne da rashin yarda da ƙaddara?

Da farko sai mu san asalin wannan haƙƙi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta zartar cewa haɗarin mota yana shiga ƙarƙashin hukuncin jinayoyi, kuma galibinsa kuskure ne. Kuskure kuwa yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biyan ɓarna. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, sai fa in magada sun yafe don kansu. Saboda haka abin da mai rauni ya ke nema haƙƙinsa ne, ba bara ya ke yi ba.

Gaskiya ne wannan majalisa ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari da ke cikinta, ta kuma yi nuni ga inshorar taimakon juna, watau takaful. Amma wannan hukunci ya shafi wanda ya ƙulla cinikin ne. Wanda aka buge bai ƙulla kome da kowa ba. Haƙƙinsa yana wuyan direba, kamfani kuwa biya ya ke yi a madadinsa, don haka malamai da yawa na wannan zamani suka halatta masa karɓa. Ga shi kuma a Nijeriya tun dokar 1945 aka tilasta wa mai mota yin inshorar da za ta biya wanda ya buge.

To, da wane ma'auni za a auna tayin? Shari'a ba ta bar jikin ɗan Adam a hannun masu ciniki ba. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, watau kimanin giram 4,250 na zinariya, ko dirhami 12,000. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid an fayyace cewa hannu ɗaya rabin diyya ne, haka ƙafa ɗaya da ido ɗaya. Yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, raunin kai da ya bayyana ƙashi raƙuma 5, wanda ya huda ciki ko ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Abin da ba a ƙayyade ba, alƙali ya kimanta. Kamfani ba da wannan lissafi ya ke aiki ba, amma wanda ya san shi ba zai ɗauki ƙafarsa da araha ba.

Ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a nan: a mazhabar Malikiyya ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Hikimar wannan a fili ta ke. Karayar da a ke zaton ɗori zai gyara ta kan ƙare da gurgunta, bugun kai da a ke gani ƙarami ya kan dawo bayan watanni da farfaɗiya ko raunin gani. Har Shaihu Halilu ya kawo a Muhtasar cewa in mutum ya yi sulhu a kan rauni, sa'an nan raunin ya ci gaba har ya kashe shi, magadansa suna da ikon warware sulhun. Takardar kamfani kuwa ba ta da wannan sauƙi. Galibi an rubuta a cikinta cewa biyan nan shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya sa hannu ya rufe wa kansa ƙofa. Sa hannu a gadon asibiti, kafin likita ya faɗi inda raunin ya tsaya, daidai ya ke da sayar da ɗan da ke cikin saniya, ba a san abin da a ke sayarwa ba.

Don haka kafin a ce "na yarda", a nemi rahoton likita a rubuce, a tara rasit na magani da na asibiti, a karɓi rahoton 'yan sanda. A lissafa kwanakin da mutum ya yi bai fita nema ba, da jiyyar da ta rage a gaba, da sana'ar da wataƙila ba zai koma mata ba; ai hannun tela da ƙafar ɗan acaɓa su ne jarinsu. A sa wanda ya san doka ya karanta takardar. A kuma lura: naira miliyan 3 da aka ƙayyade a 2023, lokacin da aka ɗaga kuɗin inshorar ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyaka ce ta ɓarnar dukiya, ba ta rauni ko rai ba. Wanda aka danne wa haƙƙi yana iya kai kuka ga hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ko ga kotu.

Sau da yawa 'yan'uwa su kan taru su ce, "A bar wa Allah, ƙaddara ce." Lalle ƙaddara ce, amma Wanda Ya ƙaddara haɗarin Shi ne Ya shar'anta diyya. Yafewa alheri ce babba, musamman ga direba matalauci, sai dai sharaɗinta mai haƙƙi ya san girman abin da ya ke yafewa, kuma ya yi don kansa ba don kunyar manya ba. Waliyyin yaro ko na maraya kuwa ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙin da ba nasa ba.

Haka nan a ɗaya gefen, haramun ne a ƙara gishiri a rauni, ko a sayi rahoton likita na ƙarya, ko a jingina tsohuwar cuta ga haɗari. Kasancewar mai biya kamfani ne ba ta mai da ƙarya halal. Shi ma wakilin kamfani ya ji tsoron Allah, kada ya mai da ƙuncin majiyyaci abin ciniki, domin yardar da yunwa da bashin asibiti suka tilasta, akwai tambaya a kanta ranar gobe.

Sulhu alheri ne, amma sai an san abin da a ke sulhu a kansa. A jira rauni ya tsaya, a auna, sa'an nan a karɓa ko a yafe da sani.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba majiyyatanmu lafiya, amin. Allah ne Mafi sani.