Gonar Aro da Shaidun da Suka Kwanta Dama

A ƙasar Nijar, wajen Maraɗi da Damagaram, rigimar gona sau da yawa da alheri take farawa. Wani ya ara wa baƙo fili domin ya ci da iyalinsa, ba takarda, ba sa hannu. Shaidar aron ita ce damin hatsi da ake kai wa mai gona kowace kaka, da sharaɗin kada a dasa itace ko a gina rijiya. Su biyun suka mutu, ƴaƴa suka gāji noman, dami kuwa ya daina zuwa. A shekarar 1974 Shugaba Seyni Kunce ya ce gona ta mai nomanta ce, masu aro suka riƙe maganar. Dokar karkara ta 1993 kuma ta ba mallakar gargajiya daraja ɗaya da ta takarda. Kowa ya sami madogara.

Ƙara takan tashi daga ƙofar mai gari zuwa fadar sarki domin sulhu, in ya gagara sai gaban alƙali, wanda bai gamsu ba kuwa ya ɗaukaka. Wannan hanya mai kyau ce, gama alƙali mutum ne, yakan yi kuskure. Amma ƙara tana hawa, tana nisa da gonar. Mai gari ya san inda aka shuka gamba a kan iyaka. Alƙalin birni takardu ne a gabansa. Kafin a kai ƙarshe, tsohon da ya ga ana kai dami ya kwanta dama, wanda gonar take hannunsa kuwa yana ta girbi. Akwai mai ɗaukaka ƙara don an cuce shi, akwai kuma mai jiran mutuwar mai shaida.

To, in wannan na biyun ya ci shari'a, gona ta zama tasa ke nan? A gaban kotu, i, kuma alƙali ba shi da laifi, da abin da aka kawo masa ya yanke. Amma a shari'ar Nabot ma shaidu biyu sun tsaya, adadin da Dokar Musa ta nema ya cika, duk da haka annabi Iliya ya tarye Ahab a cikin garkar inabin. Hukunci bai shafe abin da mutum ya ji daga bakin mahaifinsa ba. Haka yake ga ɗan mai gona da ya san kyauta aka yi, yau yana kiranta aro domin ya kori wanda ya shekara talatin yana zuba mata taki.

Kwamitocin filaye da dokar 1993 ta kawo suna rubuta takardar aro, da ta kyauta, da ta jingina. Mutane da yawa suna jin nauyin nema, wai kamar rashin yarda da ɗan'uwa ne. Annabi Irmiya kuwa da ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya rubuta, ya hatimce, ya kira shaidu, ya sa Baruk ya adana takardun cikin tukunyar ƙasa. Mai sayar masa kuwa Hanamel ne, ɗan baffansa.