Ƙuri'a a kan maganin yara: adalci ne ko caca?

Tsakanin 2014 da 2017 an yi gwajin magani a Loga da Boboye, cikin jihar Dosso a Nijar. An jefa ƙuri'a a kan ƙauyuka kusan 600. Wasu aka ba yaransu 'yan ƙasa da shekara biyar azithromycin sau biyu a shekara, wasu aka ba su ruwa mai kama da shi amma babu magani a ciki, har masu rabon ba su san wanne ne na gaske ba. Mai tsoron Allah dole ya tambaya: ya halatta a bar ran yaro a hannun ƙuri'a?

A ganina ya halatta, muddin ba a riga an san amfanin maganin ba. Manomin da ya zuba taki a gonarsa ta cikin kwari ya bar ta kan tudu, ba zai gane ko taki ne ya cika masa rumbu ko damshin ƙasa ba. Haka in an ba kowa magani aka gwada bana da bara, damina mai albarka kaɗai tana iya rage mace-mace. In kuwa likita ya zaɓa da kansa, zuciya ba ta rasa inda za ta karkata. Ƙuri'a ba ta da dangi. Kuma ba baƙuwa ba ce a shari'a: Annabi (SAW) yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, Alƙur'ani ma ya ambace ta wajen renon Maryam. Caca cin dukiyar wani ce, wannan kuwa raba gardama ce inda haƙƙi ya zo daidai.

Za a ce, to yaran da suka rasu a ƙauyukan da ba a ba magani ba fa? Maganar tana da nauyi. Sai dai kafin gwajin babu mai tabbacin an hana su alheri, tunda yawan shan irin wannan magani yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. Da sakamako ya fito a 2018, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari a Nijar, amma a Malawi da Tanzaniya, inda su ma aka yi gwajin, ragin bai kai a kafa hujja da shi ba. Ashe gwajin ma yana da iyaka: abin da ya tabbata a Loga ba lalle ya tabbata ko'ina ba.

Bayan gwajin an ba duk ƙauyukan na Loga da Boboye maganin na gaske, kuma haka ya kamata. Da zarar sani ya samu, ci gaba da ƙuri'a zalunci ne.