Ƙanƙarar Da Ba Ta Nutsewa

Duk wanda ya jefa ƙanƙara a kofin zoɓo lokacin buɗa-baki ya ga tana yawo a sama. Galibin abubuwa in sun daskare nauyi suke ƙarawa, amma ruwa ya fita daban. Yana sanyi yana ƙara nauyi har ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, daga nan sai ya fara sauƙi, har ya daskare ya taso.

Dubi tafkin Baikal na ƙasar Rasha, mai zurfin mita 1,642. Daga Janairu zuwa Mayu samansa a daskare yake, har motoci na bi ta kai. Amma can ƙasa ruwan na nan tsakanin digiri 3 da 4, kifaye na harkarsu. Ƙanƙarar ta zame musu murfi. Da nutsewa take yi, da tafkunan ƙasashen sanyi sun riƙa daskarewa tun daga gindi. Ni dai a nan rahamar Allah nake gani ƙarara.

To amma mai tambaya zai ce, ina rahamar a tafkin Nyos na Kamaru? A can saman ruwan kullum da ɗumi, ba shi da nauyi, don haka ba ya sauka ya gauraya da na ƙasa. Iskar kabon da ke tsattsafowa daga dutsen aman wuta ta yi ta taruwa a gindi shekara da shekaru. Daren 21 ga Agusta, 1986 ta ɓalle, ta malala cikin kwaruruka, ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dubban shanu. Ƙa'idar nauyin ruwa da ke kare kifin Baikal ita ce ta ɓoye wannan guba.

Amsata ita ce, rahamar tana cikin tabbatar ƙa'idar. Tun da ba ta sauyawa, ɗan Adam na iya gane ta, ya auna, ya yi shiri. Haka kuwa aka yi: a 2001 masana suka zura bututu har ƙasan Nyos, ruwan ƙasa ya riƙa tasowa yana sakin iskar kaɗan-kaɗan.

Saboda haka idan muka ce ƙaddara ce muka naɗe hannu, mun bar rabin aikin. Wanda ya tsara ruwa haka Shi ya ba mu hankalin da za mu bincike shi, kuma za a tambaye mu abin da muka yi da hankalin.