Sababi da Sharaɗi a Jikin Mai Cutar Addison

Malaman usulul fiƙihu sun daɗe da bambance sababi da sharaɗi, inda suka nuna cewa sababi shi ne abin da samuwarsa ke jawo samuwar hukunci, shi kuwa sharaɗi samuwarsa ba ta tilasta komai amma rashinsa na hana aukuwar abu, kamar yadda alwala ba ta wajabta salla alhali salla ba ta inganta sai da ita. Wannan rarrabewa tana haskaka cutar da likita Thomas Addison na asibitin Guy's da ke Landan ya bayyana a 1855, wato gazawar wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda ake kira adirenal, cutar da tarin fuka ya kasance babban tushenta a zamaninsa.

Gaɓoɓin nan suna zuba sinadarai a cikin jini, kuma biyu daga ciki ne ke riƙe da ƙarfin gudanarsa. Na farko, aldostiron, shi ke umartar ƙoda ta tsare gishiri, ruwa kuwa gishiri yake bi, saboda haka idan aldostiron ya yi ƙaranci sai su zube tare a fitsari, jini ya ragu, mutum ya riƙa jin jiri da zarar ya miƙe tsaye. Wannan sababi ne bayyananne.

Na biyu, kotizol, shi ya fi cancantar tunani, domin babban aikinsa a nan shi ne ya sa jijiyoyin jini su amsa kiran noradirenalin, sinadarin da ke matse su don jini ya hau. Idan babu kotizol, sai umarnin ya iso amma jijiyoyi su kasa amsawa yadda ya kamata, kuma zazzaɓi ko amai da gudawa suna iya kai mara lafiya ga suma, har ga mutuwa. Sharaɗi ke nan, wanda ba a ganin aikinsa muddin yana nan, shi ya sa ɗan Adam yake saurin raina shi.

Daga nan kuskure mai haɗari yake tasowa, inda mai shan haidirokotizon kullum, wato maganin da ke maye gurbin kotizol, zai ga ya samu sauƙi, ya ɗauka maganin ya gama aikinsa, ya ajiye shi da sunan tawakkali, alhali lafiyar da yake ji ita ce shaidar cewa sharaɗin yana cika. Allah da ya ƙaddara waraka shi ne ya ɗora ta a kan wannan sharaɗi, don haka barin maganin ba tare da umarnin likita ba jefa rai ne cikin halaka, kuma addini ya hana hakan.