Dangwalen Yatsa da Amanar Sirri

Cikin addu'o'in da Bahaushe yake yi kullum, da wuya a sami wadda ta kai ta rufin asiri yawa. Asirin da ake roƙon a rufa kuwa sau tari ba laifi ba ne. Rumbu ne da ya yi ƙasa tun damina ba ta faɗi ba, ko bashin da ke wuyan magidanci, ko ciwon da uwargida ba ta so kishiya ta ji. Don haka ne aka gina zaure tsakanin titi da tsakar gida, aka kuma wajabta sallama. Addini ya ƙarfafa wannan ɗabi'a: Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin mutane.

Adar ƙasa ce ta ƴan biɗa. Da an gama girbi, samarin Barmu da Afala da Kalfu sai su kama hanyar Abijan ko Libiya. A da, in wasiƙarsu ta iso, mushen lakwal ko malamin allo ne ke karanta wa iyali. Shi ya san nawa aka aiko, ya san wadda aka yi wa saki. Amma mutum ne sananne, ana sallah sahu ɗaya da shi, kuma in bakinsa ya yi sako-sako, gari duka zai san wanda ya ci amana. A yau saƙon yana cikin salula. Salular tana kwana wurin mai caji, layinta yana ɗauke da sunan mai ita da lambar katinsa, kuɗin kuma suna bi ta kamfanin aike da ke rubuta mai turawa da mai karɓa. Masu riƙe da sirrin sun yawaita, kuma mafi yawansu mai sirrin bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Ba za a ce wannan sauyi sharri ne zalla ba. A yunwar 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wani ɓangare hannu da hannu, wani kuma ta tsarin Zap na kamfanin Zain. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi samun abinci iri-iri. Cikin dalilan da suka kawo har da cewa kuɗin sukan iso wa mace ba a idon kowa ba, abin da ya ƙara mata ta cewa a gida. Ke nan na'ura tana iya rufa asiri kamar yadda take iya tona shi.

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a watan Mayun 2017, ta tanadi hukumar HAPDP don sa ido, sannan ta sabunta dokar a Disamban 2022. Ginshiƙinta shi ne yarda: a sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa, ya amince, kuma yana da ikon dubawa da neman gyara. Wannan ci gaba ne. Sai dai tambayar da ke gaban mai tunani ita ce: mene ne nauyin yardar wanda ba shi da zaɓi? Matar da ta yi sammako ta shiga layin rabon hatsi, aka tambaye ta yawan ƴaƴanta da awakinta, aka ɗauki hotonta, aka miƙo mata takarda da Faransanci ta dangwala yatsa, shin ta yarda ne ko yunwa ce ta yarda a madadinta?

Abin ba ƙarami ba ne. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa bayanan ƴan gudun hijirar Rohingya da aka tattara a Bangaladash sun isa hannun gwamnatin Myanmar, wadda suka gudo daga gare ta. A arewa da Adar ma, inda ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a yankin Tiliya cikin Maris na 2021, jerin sunayen da ke nuna mai dabbobi da mai karɓar kuɗi zai iya zama sanadin rasa rai in ya faɗa mugun hannu.

Saboda haka dangwalen yatsa ba ya sauke nauyi daga kan mai karɓa. Abin da aka karɓa daga mai rauni amana ce, kuma hukuncin amana sananne ne tun kafin kwamfuta: ba a karɓar fiye da buƙata, ba a ba wani ba da izinin mai ita ba, ba a riƙe ta bayan an gama da ita. Wannan ya hau kan ma'aikacin agaji da mai shagon caji, ya kuma hau kan malamin da ke watsa hoton sakamakon jarrabawar ɗalibai a WhatsApp, har da sunan wanda ya faɗi.

Tun da a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su fassara waɗannan haƙƙoƙi, su kai su gidajen rediyon karkara da azuzuwan yaƙi da jahilci, har talaka ya saba da tambayar wa zai ga bayanansa, kuma har yaushe. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda aka danƙa wa sirrin jama'a, a takarda ko a na'ura, shi ya fi kowa buƙatar tuna wannan magana. Allah ya rufa asiri.