Ko Adalci Abin Koyo Ne?

Ɗan'uwa mai karatu, yau tambaya muka kawo maka. A Agye da Gazawa da Gidan Rumji an sha kiran mutane horo: malaman gona, ƴan komitin gari, ma'aikatan magajin gari. Akan yi kwana biyu ko uku ana koya musu cewa in za a yi shawara, a zauna da mata, da samari, da makiyaya, da masu naƙasa. To, shin adalci abu ne da ake koyo a ɗakin taro?

Wani zai ce maka ɓata lokaci ne. Zai ce hali zanen dutse ne, kuma da yawa kuɗin zama ne ke kai su, in sun karɓa sun manta da karatun. Akwai gaskiya cikin maganarsa. Mugun mutum ba ya zama nagari don ya kwana uku bisa benci.

Amma ka duba da kyau. Yawancin rashin adalcin da ake yi a garuruwanmu ba mugunta ke kawo shi ba, rashin lura ne. An sa taro da hantsi, lokacin da mata ke bakin rijiya ko bakin turmi, sannan a ce mata ba su zo ba. Mai shela ya zagaya gari, bai je ruga ba, sannan a ce Filani ba su son shawara. An yi taro nesa, gurgu bai iya zuwa ba, kurma ya zo bai ji komai ba. Ba wanda ya kore su, amma an yanke magana ba su nan. Irin wannan makanta tana da magani, kuma horo na cikin maganin.

Kada ka ɗauki abin da wasa. A shekarar 1991, a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayukan Filani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Mutanen da ba su saba zama tabarma ɗaya ba, ranar da ɓarna ta auku ba su da wurin yin magana, sai sanda da wuta. A shekarar 1993 aka kafa dokar karkara ta Nijar, wadda ta kawo hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. A cikinsu an tanadi wurin manomi, da na makiyayi, da na mata, da na samari, don a san iyakar gona da ta burtali tun kafin a yi faɗa.

Ka dubi kuma Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, garin da ya yi suna wajen sassabin zamani. Manomi yakan bar tohon itace cikin gonarsa, ya yi masa aski, ya girma. Amma da dare wani ya zo ya sare. Da aka tashi kafa komitin tsaron itace, ba masu gona kaɗai aka sa ba. An sa mata, don su ke neman itacen girki. An sa makiyaya, don su ke bukatar ganye ga bisashe. Dokar da aka yi da mutum, kunya ta kan hana shi karya ta. Wadda aka yi bayan idonsa kuwa, yana ganin ta wasu ce.

Sai dai akwai wani tarko. Ba mutum wurin zama daban, jin maganarsa daban. Sau nawa aka rubuta sunan mace cikin komiti don a cika takarda, ta zauna can baya, ba ta ce uffan ba, aka ce ta dangwala yatsa? A ƙasar Maraɗi mutane sun yi yawa, gonaki sun matse, kuma gamanar mace ce ake fara karɓewa. Shari'a ta ba ɗiya mace rabonta na gado, amma sau da yawa ƴan'uwa maza su riƙe gonar. In ba a bar ta ta faɗi wannan a gaban taro ba, zamanta na mene ne? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kada kuma a ce mata ba su iya shawara ba. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata ke zuba kuɗinsu, su ke ba juna rance, su ke riƙe asusunsu. Wadda ta riƙe asusun ƙungiya za ta iya riƙe maganar gari.

Ga amsarmu. Horo yana buɗe ido, amma ba ya canza zuciya shi kaɗai. Adalci kamar noma yake: ana jin bayaninsa a inuwa, amma a gona ake iya shi. Ba ranar horo ake gane wanda ya koya ba, sai ranar rabon iri da taki, ranar zaɓen shugaban komiti, ranar da shanun baƙo suka shiga gonar ɗan gari.

Kai da ka iya karatu yanzu, nauyi ya hau kanka. In an kira taro a garinku, ka karɓi takardar sunaye ka karanta. Ka tambaya: wa ba a kira ba? Wa ya zo bai yi magana ba? Maganar wa aka ji, aka yi aiki da ita? In ka ga an manta da wani, ka faɗa tun ba a tashi ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.