Buhun Gero da Tambayoyi Uku

Karatu: Karin Magana 11:1, Romawa 3:5-8, Ezekiyel 36:26

Ɗan'uwa cikin Almasihu, a ce ka ɗauko buhun gero daga Kebbe zuwa kasuwar Tambuwal. Ƙwari sun ɓata na ƙasa, na sama kuwa tas yake. Yaronka yana kwance a asibiti, kuɗin magani kake nema. Mai saye ya tsoma hannu a bakin buhu, ya yaba, ya yi tayi mai tsoka. Za ka faɗa masa, ko za ka yi shiru?

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ke sa aiki ya zama daidai. Tambayoyi uku suka fi yi.

Ta farko: me aikin zai haifar? Jeremy Bentham na Ingila, wanda ya rasu a 1832, da John Stuart Mill bayansa, sun koyar cewa aiki nagari shi ne wanda ya fi kawo wa jama'a jin daɗi da raguwar wahala. Su ma za su ce ka lissafa amanar da za ta lalace a kasuwa. Amma mai bukata ne ke riƙe da ma'aunin, nan da nan zuciya za ta ce, "Attajiri ne, ba zai ji ba. Har ushiri zan fitar." Manzo Bulus ya ƙi koyarwar a yi mugunta domin alheri ya fito.

Ta biyu: mene ne wajibina? A 1785 Immanuel Kant na Jamus ya rubuta cewa ka bi ƙa'idar da za ka yarda kowa ya bi, kada kuma ka mai da mutum tsanin biyan bukatarka kawai. Idan kowa ya ɓoye ruɓa a gindin buhu, wa zai sake yarda da wani? Wannan ya yi kusa da Matiyu 7:12. Sai dai doka ita kaɗai ba ta ba da ƙarfin binta, ba ta kuma koyar da tausayi. Farisiyawa sun san dokar Asabar, duk da haka suka husata da Yesu ya warkar da mai shanyayyen hannu.

Ta uku: wane irin mutum nake zama? Aristotil na Girka ya ce da maimaita aiki ake gina hali. Wanda ya ɓoye yau, gobe abin zai zo masa da sauƙi. Mu ma idan muka ce "mutumin kirki", halinsa muke nufi. Hausawa kan ce hali zanen dutse ne. Ubangiji kuwa ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya sa sabuwa. Wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, babu masanin da ya iya shi.

Saboda haka, kwance buhun, ka nuna na ƙasa. Farashi zai faɗi, wataƙila kuɗin maganin ba zai cika ba. Kawo sauran bukatar gaban Allah da gaban ikkilisiya, ba abin kunya ba ne. Kai kuma da Allah ya buɗa wa, idan ɗan'uwa ya yi asara saboda gaskiya, nauyinsa naka ne (Galatiyawa 6:2). Nemo shi makon nan.

Addu'a: Ya Uba, ka ga gindin buhuna, ka ga zuciyata. Ka cika ni da Ruhunka, in faɗi gaskiya ko da za ta jawo mini asara. Cikin sunan Yesu. Amin.